Ranar da Aka Sauke Jinka Saboda Duman Inna

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar marka, shekara biyu kafin Faransawa su bar mulki, ina 'yar shekara tara, na dawo daga rijiya da tulu a kai na tarar da abin da ban taɓa gani ba a gidanmu. Baba na tsaye a gindin ɗakin Inna da lauje a hannu, ya naɗe hannun riga. Inna kuwa ta jawo turmi ta kifar, ta zauna a kai daidai gaban gindin dumanta, tana tsinkar zogale a faifai kamar ba ta san da mutum a wurin ba. Ƙanina Sani na goye a bayanta, gashin kansa duk baƙin ruɓaɓɓen shuci, ciyawar da ake rufin ɗaki da ita. Na tsaya da tuluna, ruwa na gangaro mini a wuya, na ƙi zuwa saukewa don kada wani abu ya wuce ni.

Garinmu ɗan ƙauye ne kusa da Kwaya, ɗakunanmu duka zagayayyu ne na ƙasa da jinka a kai. Da ruwan farko kowace mace takan shuka duma a gindin ɗakinta, ya yi yaɗo ya hau jinka, 'ya'yansa su kwanta can sama inda akuya ba ta kaiwa. Sai dai duman Inna ba irin na kowa ba ne. Daga Yekuwa ya zo, daga gidan mahaifiyarta, yana yin ƙwarya mai kauri da faɗi wadda ake yi wa jariri wanka a ciki har a bar wuri. Kakarmu ta rasu a ranin shekarar, gidanta ya watse, irin da ya rage a duniya shi ne wanda Inna ta adana cikin gora. Ɓera ya huda gorar ya yi biki, ya bar mata ƙwaya uku. Ɗaya kaza ta tone, ɗaya ba ta fito ba, ɗaya ta tsiro. Yayana Habu an ɗauke shi lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, don haka ni aka ɗora wa gadin wannan tsiro. Na kewaye shi da ƙaya, ina barbaɗa masa toka saboda ƙwari, kuma babu akuyar unguwarmu da ba ta san jifana ba.

Duman nan ya saka mana da alheri har ya wuce gona da iri. Kafin a gama maimai a gona ya lulluɓe jinka kore shar, da yamma fararen furanninsa su buɗe, mu yara mu tsaya muna kallo. Ya yi 'ya'ya bakwai manya. Da yake ba ni da nauyi, Inna takan ɗaga ni in hau in sa wa kowanne gammo a ƙarƙashi don ya zauna daidai, kada ƙwaryar ta karkace. Daga can sama nakan hango gonakin gyaɗa har bakin fadama, in ƙi saukowa sai an yi mini tsawa. Abin da ban sani ba shi ne jinkar ta gaji. Tun da rani Inna ke yi wa Baba tunin baibaya, wato sabunta shucin jinka, shi kuwa yana ta kai gyaɗa Magariya da jakuna, kullum amsarsa ita ce sai an kwana biyu. Da marka ta kankama ɗaki ya fara yoyo. Aka jera kasko, akushi, tukunya, har murfin tulu, ruwa na ɗiga kowanne da irin muryarsa, mu muna rawa. Safiyar Larabar nan tanka ɗaya ta karye, wato ɗaya daga cikin tsumagun da suka ɗaure jinkar, dunƙulen shuci jiƙaƙƙe ya faɗo a tabarmar da Sani ke kwance.

"'Yar Yekuwa, tashi daga nan," in ji Baba, don haka yake kiranta in yana wasa ko in ransa ya ɓaci. "Ɗa ne da ni a ɗakin nan, ba duma ba."

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, da ka yi baibaya da rani, ko jaki ya hau jinkar nan ba ta motsawa. In ka sa masa lauje yau, irin gidanmu ya ƙare. Wata biyu kawai nake roƙo ya ƙosa."

"Jinkar ba za ta kai kwana goma ba," in ji Baba.

Ko a ƙuruciyata na gane kowannensu yana da gaskiya, kuma kowannensu yana da laifi. Baba ya daɗe yana duban gindin duman. Can sai ya zagaya ɗakin Inna yana ƙirga taku, ya tafi nasa ɗakin ya zagaya shi ma, ya soke lauje a danga ya fice. Inna ba ta yarda da wannan fitar ba. A kan turmin nan ta wuni, nan na kawo mata ruwa, nan ta shayar da Sani, har miyar dare a gefensa ta haɗa murhu ta kaɗa.

Da la'asar Baba ya dawo tare da wansa, Baffa Ilu, wanda shi ke ɗaura wa rabin garin jinka. Sai muka ji ashe gayya ya je kira, ranar Juma'a da safe. Za a ɗauke tsohuwar jinka ɗungum da duman a kanta, ba a tsinke ko ganye ba, a sauke ta kan gajerun dirkoki a gefen da saiwar take. Tun da busasshen shuci ba ya samuwa a tsakiyar damina, sai a ciro jinkar ɗakin Baba, sabuwa ta bara, a ɗora wa Inna, domin da igiya ɗaya Baffa ya auna ɗakunan biyu. Inna ta ce su za su koma ɗakin Baba a bar nata a buɗe. Baba ya ce a'a, daɓen da ta sha wahalar bugawa da gadonta na ƙasa ba za su kwana a ruwa ba. Gari ya ɗauka da dariya, wai Malam ya kira gayya saboda duma ana tsakiyar aikin gona. Amma duk wanda ya yi dariyar sai ya ce zai zo, don ba wanda ke son a ba shi labari. Ranar Alhamis aka sari dirkoki aka kafa, mata suka daka fura turmi uku, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya, aike ɗaya sai in yi shi da gudu sau biyu.

Juma'ar nan ko ranar da kumandan, Baturen mulki, ya ratsa garinmu da mota ba a taru haka ba. Maza kusan ashirin, wasu cikin ɗaki da gwafa, wasu a waje sun sa kafaɗa a bakin jinka. Mata sun cika bayan danga, yara sun ɗare bishiyar kurna. Baffa Ilu ya dube ni ya ce, "Ke mai gadi, zo ki riƙe jijiyar. In kin ji ta yi tauri ki yi magana, kada ki ji kunyar kowa." Na rungumi yaɗon da hannu biyu.

Aka yi bisimilla, Baffa ya ba da murya, jinka ta yi wani ƙara ta rabu da bango. Nan take 'yan haya suka fara fitowa: ƙadangaru, gafiya guda, kunama biyu, ga baƙin ruwan shuci na zuba a kan rawunan dattawa. Wani maƙwabcinmu da gafiya ta bi ta wuyan rigarsa ya yi rawar da ba a koya masa ba, amma bai saki ba. Ana dariya ana nishi, jinka ta fara tafiya a hankali. Sai masu yamma suka fi ƙarfi, ta karkata wajensu. Na ji yaɗon ya miƙe a hannuna, ya yi tsauri kamar igiyar guga cike da ruwa, ƙasar gindinsa ta fara tsagewa. Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Ku dawo gabas! Za ta tsinke, ku dawo gabas!" Maza ashirin da gemunansu suka bi umarnin 'yar shekara tara. A wannan juyin babban duman ya zame daga gammonsa ya gangaro, ya tsaya yana lilo a bakin jinka da siririn wuyansa. Baba ya saki wurinsa ya shiga ƙarƙashi ya tare shi da kansa, ya bi jinkar a durƙushe da duma a ka har aka dire ta kan dirkoki. Mafi ƙanƙanta a cikin bakwai ɗin kawai muka rasa. Inna ta rangaɗa guɗa har muryarta ta shaƙe, sannan ta juya baya tana share ido da bakin zane.

Ɗauko jinkar Baba wasa ne bayan wannan. Ta ratsa tsakar gida da ƙafafu arba'in a ƙarƙashinta, mu yara na bin ta da tafi, aka ɗora ta zauna daram. Kafin a tafi masallaci an shanye fura tas. Baba ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, wurin akumaran jakuna da sauro. Duk sa'ad da hadari ya haɗo, Inna kan ruga ta lulluɓe bangon ɗakinsa da zana, amma marka ba ta san zana ba. Kafin ruwa ya ɗauke, gefe guda ya zube. Baba ya tsaya a kan tarin ƙasar ya ce da ma ɗakin ya yi masa ƙanƙanta.

Duma shida suka ƙosa. Da kaka aka fafe su, Inna ta wanke irin ta shanya, ta raba wa duk matar da mijinta ya sa kafaɗa a gayyar, ta ce kada ya sake zama a gora ɗaya. Wanda Baba ya tare da kai ta kai aka yi masa zane, ya zama ƙwaryar furarsa. Da rani ya zagayo, tun ba a gama sussuka ba na ga Baba ya tara shuci yana baibaya, ba wanda ya yi masa tuni. Da ruwan farko kuma na ga Inna ta wuce gindin ɗakinta, ta je can jikin danga ta shuka dumanta, ba wanda ya ce ta yi.

Yau a Magariya nake, ƙarƙashin kwano, furata a roba ake dama ta. In rufi ya yi yoyo jikokina waya suke bugawa mai gyara ya zo, maƙwabci ma bai sani ba. Ina jin su da matansu suna ta ba juna haƙuri da baki mai daɗi, kuma ban ce laifi ba ne. Ni dai har suka koma ga Allah ban taɓa jin Baba ko Inna wani ya ce wa wani yi haƙuri ba. Da hannu suke faɗa, kuma kowa yana ji.