Mashin Kifi a Cinyata

A ƙarshen shekarun tamanin, da ruwan fadama ya janye, muka yi faɗa da ɗan kawuna a kan wani tafki bayan Haɗeja. Na ce taruna ya riga shiga, ya ce ƙarya nake. Na kai masa naushi, haƙorinsa ya fita. Shi kuwa mashin kifi ne a hannunsa. Ya soka min a cinya, ya fizge har da tsoka.

Na cusa taɓo a ramin don jini ya tsaya. Cikin kwana huɗu cinyar ta kumbura kamar turmi. Kaluluwa ta fito min a matsematsi, zazzaɓi yana kaɗa ni har haƙorana suna haɗuwa.

Matata ta kira maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato. Ta danna wurin, na ƙwalla ƙara.

"Malam, taɓo ka zuba?" in ji ta. "Ku kira min maza huɗu."

Cikin waɗanda suka danne ni a tabarma har da ɗan kawun nawa, leɓensa a kumbure. Ta tsaga cinyar da aska. Mugunya ta yi tsartuwa har kan zanenta, wari ya kori matata waje. Na ciji hannun wanda ke kusa, na zage su duka.

"Ruɓewa nake yi, Sista?"

"Yaƙi ake yi a jikinka," ta ce, tana matsawa da ƙarfi. "Da mashin ya shigar da ƙwayoyin cuta, masu gadin da ke cikin naman suka saki wani sinadari, kamar ihun neman agaji. Fararen ƙwayoyin jini suka ji, suka ratso jijiyoyi suka taru nan, suna haɗiye cutar suna mutuwa. Wannan da nake matsewa gawarwakinsu ne. Kaluluwar kuma, can saƙon ya kai, ana tara sababbin mayaƙa."

Ta tura auduga can cikin ramin. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Kwana bakwai tana zuwa da hantsi, ta yi min allura, ta zare audugar jiya ina ihu. A na biyar zazzaɓin ya sauka, na sha kunu kofi biyu. Ƙafar ta tsira, amma tsokar ba ta cika ba. A waccan shekarar ina dogara sanda ina kallo wasu suka yanke min shinkafar gonata, kuma har yau in na daɗe a tsaye cinyar takan yi rawa.