Madubin Bindigar Kaka

Ranar kasuwar Dakoro da ta biyo bayan Sallar layya, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, kakana Arzika ya ɗora ni bayan amalanke muka bar ƙauyenmu na wajen Ɗan Gulbi. Maharbi ne, kuma shi ake kira idan dila ya addabi garke. Amma a shekarar dila ya ɗauke mana 'yan tumaki a jere, Kaka ya harba ya kuskure, ya sake harbawa ya kuskure, har samari suka fara cewa bindigar tsoho ta zama sandar kiwo. Shi kuwa ya ce nisa ne, kuma nisa yana da magani.

A rumfar wani Alhaji mai kawo kaya daga Maraɗi aka ajiye masa madubin bindiga mai jawo nesa kusa, iri biyu. Ɗaya mai sheƙi ne kamar sabon kwano, ga araha. Ɗayan baƙi, mai nauyi, fentinsa ma ba kyau. Kaka ya auna su a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya hura musu numfashi ya ga wanda zai fara washewa. Alhaji ya ce mai sheƙin in ya bar rumfa ya bar ta ke nan, amma baƙin yana da garanti, in ya ba da matsala a maido a sake wani. Kaka ya ce, "Araha ba ta ado," ya ɗauki baƙin. A hanya ya yi ta tsokanata, wai ni amaryarsa in shirya tukunya, nama ya zo.

Nama bai zo ba. Mu dai muka ci gaba da abin da muka saba, ɗiban ruwa a rijiya kafin lakwal, tsintar aduwa, carafke a gindin gawo, kora 'yan tumaki cikin shinge da la'asar. Kaka kuma kullum yana bayan gida ya rataye farar ƙwarya a reshe, yana murɗa madubin yana tsaki. Ya ce hayaƙi ne a ciki. Ya mayar, Alhaji ya sake masa wani ba musu, ya dawo yana yabon garanti har maƙwabta suka gaji da ji. Sabon ma ya yi hayaƙi. Dila kuwa bai fasa zuwa ba.

Komawa ta gaba ma da ni aka yi. Alhaji ya leƙa madubin ya daɗe, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗiyata, duba can bakin kara, mi kika gani?" Na ce ga raƙumi da jar akala, ga ƙuda ma a kan hancinsa. Na faɗa da murna, don a zatona wasa ne. Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya ce duk da haka zai karɓa, tunda ya yi alkawari. Kaka ya karɓe madubin daga hannuna ya sa a aljihu ya ce, "A'a, kayanka ba su yi ƙarya ba."

Bai ƙara fita daji ba. Bindigar ya ba ɗan ƙanensa, wanda ya kashe dilan kafin damina. Kaka ya koma tufkar igiya a zaure, idanunsa suna fari sannu a hankali. Na ji tausayinsa, amma sai da na girma.

Yanzu na san yanar ido ce, irin wadda likita ke cirewa da hantsi mutum ya kwana a gidansa yana gani. Tsofaffin ƙauyenmu ana kai su a kan babur, su dawo suna sa zare a allura. A lokacin mun yi ta jigilar madubi zuwa kasuwa, ba wanda ya ce a duba mai dubawa.