Dashin da na sara a hanyar Adumri

Jama'a, wallahi tallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Ni mahauci ne a Garuwa, gado na yi, kuma a lokacin ina ji da ƙarfina, ba na jin magana ko kaɗan.

Wata rana da rani, yau fiye da shekara goma, na sayi bijimi a kasuwar shanu ta Adumri, muka koro shi da ƙafa ni da Buba, wani dattijon Bafulatani da ke yi mana kore. Rana ta take tsaka, muka tsaya hutawa a bakin wani busasshen rafi, bijimin nan ya ƙi tsayuwa, sai fizge-fizge yake. Na duba na ga wani itacen dashi shi kaɗai a fili, da 'yan duwatsu a gindinsa, na zaro adda zan sari reshe in yi turke. Buba ya daka min tsawa, "Kai, kar ka sara!"

Ya ce dashi in a jere yake shinge ne, amma in ka gan shi tilo a daji da duwatsu, makiyaya ne suka binne nasu suka kafa masa alama. Na yi dariya na ce, "Baffa, matacce ina ruwansa da itace?" Na sare reshe mai kauri, har na taho da shi gida na kafa a tsakar gida.

Washegari a mahauta na kayar da bijimin, na kai hannu zan ɗauki wuƙa, hannun dama ya ƙi rufuwa. Innalillahi! Sanyi ƙalau, kuma ina jin an riƙe min wuyan hannu gam, ga shatin yatsu huɗu dogaye a fatata, kowa ya gani. Mahauci ba hannun dama, me zai ci? Asibiti suka duba suka ce ba su ga komai ba. Kwana uku matata ce ke ba ni abinci a baki, ina kuka kamar yaro.

Buba ya zo ya ce, "Mayar masa da kayansa." Muka je tuge turken, wallahi ya yi saiwa, ya fid da ganye kore shar, da rani tsaka, ba wanda ya ba shi ruwa.

Muka hau moto muka koma. Buba ya tsaya nesa, ya ce shi ba zai ƙarasa ba. Ina isa na tarar da wani tsoho siriri zaune a gindin dashin, rabin jikinsa a rana. Na yi sallama, bai ɗago ba, sai ya ce a hankali, "'Yar inuwar da 'ya'yana suka bar min, ita ka rage."

Na durƙusa. Da hagu na haƙa rami na kafa reshen, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ina ɗagowa ba kowa, ko sawu babu a yashi. Buba ya rantse ni kaɗai ya ga ina magana.

A nan take riƙon ya sake ni. Amma yatsuna biyu har yau ba sa lanƙwasuwa, ban sake yanka ko kaza ba, sai dai a yanka in sayar. Kuma duk ranar da rana ta ƙwalle sosai, wuyan hannun nan sanyi yake yi.

Don Allah in kun ga itace shi kaɗai a daji, ku tambayi mutanen wurin kafin ku ɗaga adda.