Garin Gorubar Kaka

Jiya a Kasuwar Relief ƙamshin goruba ya bugi hancina, sai na gan ni a tsakar gidanmu na unguwar Fegge a Onitsha, Kaka tana kankare ta da 'yar wuƙarta tana zuba mini a tafin hannu. A Onitsha ba a samunta sai direbobin albasa sun taho da ita daga Arewa.

Wata rana wani mai magani da lasifika ya sayar mata da garin goruba, ya ce yana kashe ciwon sukarin da take fama da shi.

Na ce, "Kaka, ƙwayoyin asibitin fa?"

Ta ce, "Takwara, na gaji da haɗiya. Mutum ya rantse da Allah, ƙarya zai yi mini?"

Ta daina shan su. Ba ta ga azumin shekarar ba. Har yau in na ji lasifika irin tasa raina ɓaci yake. Tsohuwa mai kewar gida ya samu, ya ci amanarta. Allah ya haskaka kabarinta, ya bi mata haƙƙinta.

Sai da na shiga jami'a muka auna goruba a ɗakin gwaji. Abinci ce mai kyau, tana da sinadarai masu amfanar jiki, kuma cike take da sukari.