Zagaye Ɗaya Ba Kowa a Gaba

"Ƙarfin doki ɗari shida fa aka ce ta Likita."

"Ta bakaniken fa?"

"Ɗari biyu, shi ma in an yi mata alfarma."

"To me za a je gwadawa? Ya zauna gida ya huta wa tayoyinsa mana."

"Wai shi cewa yake a wurin shan kwana ake sanin mota."

"Haka duk mai ƙaramar mota yake cewa."

Zulkiflu yana durƙushe yana ɗaura igiyar takalmi a harabar masallacin Regent's Park bayan an idar da Juma'a, masu maganar suna bayansa. Bai waiwaya ba. Shi ne bakaniken, Likitan kuwa Dokta Nata'ala ne, yayan matarsa Murja.

Shekarar Zulkiflu arba'in da huɗu. A Ƙofar Ruwa ta Kano ya koyi kwance inji, wurin wani maigida da ba ya yarda da na'ura sai kunne. Shekara goma sha biyar ke nan yana aiki a wani gareji a Barking, ƙarƙashin gadar jirgi, yana canza wa mutane birki yana sauraron ƙorafinsu. Abin da yake nasa na kansa a garin nan ɗaya ne, wata ƙaramar mota mai ƙofa uku da ya shekara huɗu yana ginawa duk Lahadi. Ya cire mata kujerun baya da kafet da rediyo, ya sauke ta ƙasa, ya sa mata birkin da ya fi ƙarfin jikinta. Yanzu kuwa Murja na da cikin na uku, hukumar unguwa ta ce wurin ajiye mota ɗaya ne na gidansu, dole a kawo mai ɗaukar iyali. Wanda ya sayi ƙaramar zai zo ya karɓe ta ranar Lahadi. Shi ya sa Zulkiflu ya kama gurbi na ranar Asabar a wani filin tseren motoci da ke Kent, ranar da ake barin kowa ya shiga da motarsa. Ba kofi yake nema ba, a ranar ma an hana auna lokacin zagaye. So yake ya zagaya filin sau ɗaya tak da iyakar ƙarfinta, ya ji abin da hannunsa ya gina.

Kuskurensa shi ne faɗa wa Murja a gaban yayanta. Dokta Nata'ala, wanda ke aiki a babban asibitin Camberwell, bai daɗe da sayen wata ƙatuwar mota mai nauyin kusan tan biyu ba, ya ce ai shi ma zai je. Rukuni uku ake raba direbobi: sababbi, matsakaita, ƙwararru. Zulkiflu ya taɓa shiga filin sau shida, na tsakiya ne wurinsa. Amma da ya zo cike takardar sai yatsansa ya tsaya. Mutumin da ya yi wa Murja walicci, wanda ya ba shi ɗaki wata takwas farkon zuwansa, ta yaya zai rubuta shi a sababbi ya rubuta kansa a sama? Ya sa su duka a sababbi.

Da safe aka tara su aka karanta doka. Ba a wuce mota a kwana. A miƙaƙƙiyar hanya kawai ake wucewa, ta hagu, kuma sai na gaba ya matsa ya ba da hanya. Wanda aka ɗaga wa shuɗiyar tuta, ma'anarta akwai wanda ya fi shi sauri a bayansa. Likita yana amsa saƙon asibiti a waya har aka gama.

A bakin fita Zulkiflu ya dakata ya bar babba ya shiga gaba, kamar yadda zai yi a ƙofar kowane ɗaki. Suna hawa miƙaƙƙiyar hanyar ƙatuwar ta yi gurnani ta ɓace. Amma filin ba miƙe yake ba sai wannan ɗan wurin, sauran gangara ce da kwana biyar a jere. Tun daga nesa Likita ke danne birki, motar ta shiga kwanar tana rangaji. Kafin ta uku Zulkiflu ya manne mata a baya, ƙafarsa a ɗage, ƙaramar na neman a sake ta ba hali. Su fito miƙe, Likita ya take, ya sake ɓacewa. Minti ashirin haka, har fitar farko ta rukuninsu ta ƙare.

A fita ta biyu ya yi dabara ya riga shi. Bai kai ƙarshen miƙaƙƙiyar ba ya ga fitilu cike da madubi, ya matsa, suka koma gidan jiya. A ta uku ya ja baya ƙwarai don ya buɗe wa kansa fili. Yana sauko gangarar da daɗinsa, ya sha kwana biyu yadda yake so, sai ga Likita yana tafiya a hankali, hannu a waje yana yafito shi.

Da rana suna cin dambun naman da Murja ta ƙullo musu, Likita ya ce jiransa ya yi, don ya ga 'yar motar ta gaza, kuma ba ya son ya bar ƙaninsa shi kaɗai a baya. Ya ƙara da cewa ta yi ƙoƙari, duk ya duba madubi yana ganinta. Zulkiflu ya ce Allah ya saka. Ya tashi ya je jikin shinge yana kallon matsakaita, ƙananan motoci masu kujera biyu suna bin juna a gangarar ba mai tare wa wani. Ya nemi a mayar da shi cikinsu, aka ce sun cika.

Matar da ke riƙe da tuta a kwana ta huɗu ta same shi a nan. Ta ce hannunta ya gaji da ɗaga wa mutumin nan shuɗiya, in yana so za ta kai maganar ofis a kira shi a ja masa kunne. Zulkiflu ya hango a ransa Likita tsaye gaban tebur wani yaro ɗan shekara ashirin da biyar yana masa faɗa. Ya ce ta bari, ɗan'uwansa ne.

Saura fita ɗaya, ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ya yi la'asar a kan ciyawa bayan motar, ya daɗe zaune yana jin ƙaurin birkin Likita da iska ke kawowa. Aka kira sababbi su jeru. Likita har ya ɗaura hular kwano ya tayar da inji. Zulkiflu ya cire tasa, ya taka zuwa tagar, ya ɗan rusuna. Likita ya sauke gilashin.

"Yaya, don Allah wata alfarma nake roƙo. In mun fito miƙe ka matsa dama ka ɗaga ƙafa in wuce. Kada ka biyo ni, kada kuma ka jira ni. Gobe za a tafi da ita, ka bar mini zagaye ɗaya."