Safa ɗaya shuɗiya, ɗaya baƙa

"Inna, wannan wace irin safa ce? Ɗaya shuɗiya, ɗaya baƙa! Ƙwallo jaririn zai buga?"

Haka na yi suɓul da baka jiya a gidanmu na Roni, da ta miƙo min safar da ta saƙa wa jaririn da matata za ta haifa. Kun san ni, magana ba ta kwana a cikina.

Duk jaririn da aka haifa a danginmu, da hular ulun Inna ake masa suna. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, balle ta ce "ɗanka". Sai dai "baƙon gidanku".

Ta karɓi safar, ta kai dab da hancinta, ta juya ta a rana. Ta ce, "Kai wannan, ba na son shaƙiyanci. Duk shuɗi ne."

Sai lokacin na dubi idonta da kyau, na ga fari-fari kamar yanar ido a na hagu.

Na ce gobe mu tafi Kazaure likita ya duba. Ta ce babu inda za ta sai ta gama hular baƙo, in aka naɗe mata ido wa zai ƙarasa? Na yi faɗa, na yi lallashi, ita ko tana ta laluben zare da yatsa.

Jama'a, wanda ya taɓa shawo kan tsohuwa mai kafiya ya taimaka min da dabara. Tsorona kada a gama hula, ita kuma ta kasa ganin kan da zai sa ta.