Ƙunshi Ɗaya da Inna Hannatu Ta Iya Ɗaurewa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, wadda ta yi daidai da sha biyu ga Sha'aban, ina bakin aiki a ɗakin magani na asibitinmu a nan Madina, Mimi 'yar innata ta kira ni daga Kaltungo. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Yaya Raliya, Mama ta tafi." Na ce to. Na ajiye wayar, na gama sallamar dattijon da ke gabana, na nuna masa wanda zai sha kafin abinci da wanda zai sha bayansa. Sai da ya juya baya na nemi kujera na zauna.

Inna Hannatu, da ke nake magana, ko da yake na san masu rai ne za su karanta. Ke ce ƙanwar mahaifiyata, ke ce kuma kika raine ni. Mahaifiyata ta musulunta ta auri babana, ta rasu ina ƙarama. Baba direban babbar mota ne, ba ya zama, sai ya kai ni hannunki. Danginsa suka yi ta ƙorafi, wai ya kai 'yar Musulmi gidan Kirista. Abin da kika ce masa, shi da kansa ya faɗa mini daga baya: "Yadda ka ba ni ita, haka zan mayar maka da ita."

Kin cika wannan magana har ya zama ni ke neman sauƙi. Ke ke tashina sallar asuba, kuma ba kya tashin mutum da lallashi. Zane kike janyewa. Da azumi kina tashi ki ɗumama mini tuwo, ki zauna kina gyangyaɗi har in gama, alhali ke ba azumin za ki yi ba. Ranar Lahadi kafin ki wuce sujada a coci sai kin biya da ni makarantar allo ta Malam Adam, ki tsaya a bakin ƙofa ki tabbata na shiga. In kuwa ana biki a harabar coci kika tafi da ni, kina riƙe da hannuna kike bi layi-layi kina cewa, "Ga 'yata Raliya, Musulma ce, kada wanda ya ba ta abin da ba ta ci." Da ƙarfi kike faɗa, har in ji kamar in nutse. Ban san gata ake yi mini ba.

A bayan ƙofar ɗakinki akwai wani tulu mai karyayyen wuya, kina kiransa tulun masu nisa. Duk ranar da kika auni dawa za a kai niƙa, dintsin farko cikinsa yake shiga. Ko hatsin ya yi ƙasa a rumbu, ko muna cikin watan da ake auna tuwo da ido, hannunki sai ya fara biyawa ta tulun nan. Ƙarshen wata matan Zumunta na cocinku su ɗauko nasu a ka, ku juye a kan tabarma a gaban majami'a, dattawan ikilisiya su sayar, a aika wa waɗanda kuka tura aikin bishara a Chadi da Nijar da wuraren da ke kanki ba ki iya faɗin sunayensu daidai ba. Ba ki taɓa taka ƙasar waje ba, Gombe ma sai da dalili. Amma kin san sunan kowane mai bishara da na matarsa, kin san wanda ɗansa ke fama da zazzaɓi, kin san wanda ruwa ya rusa wa ɗaki.

Wata rana na so in burge ki, na ɗebi dawa zan zuba. Kika kama wuyan hannuna, ba da faɗa ba, kika ce, "Wannan tsakanina ne da Ubangijina. Ke ki kai naki inda babanki yake kaiwa." Kika buɗe mini tafin hannu kika mayar da dawar cikin ƙwarya. Ba ki taɓa yarda hannuna ya shiga baikonki ba, kamar yadda ba ki taɓa sa naki a butata ba.

Bayan tulun akwai ƙunshin shekara. Al'adar Zumuntarku ce kowace mace ta ɗauki gida ɗaya daga cikin masu nisa, bayan kaka ta haɗa musu kayan miya. Naki gidan shi ne na Mai Bishara Sulaiman da matarsa, can cikin Chadi. Kuka kike dakawa ki tankaɗe, ki yanka kuɓewa ki shanya a kan rufin kwano, ki dafa kalwa ki rufe ta har gida ya ɗauki warin da ke korar mu waje, ki haɗa yaji mai sa mutum atishawa tun daga zaure. Ina yi miki tsiya ina cewa ai ofishin bishararku na aika musu abin sayen abinci. Sai ki ce, "Ofis ya san kuɗi, amma ina ofis ya san kuka?"

Da aiki ya kawo mu Madina ni da mijina Abdulwahab, ƙunshin ya zama biyu. Ɗaya ki kai coci, ɗaya ki kai wa Alhaji Maikuɗi mai kawo mutane Umra. Iri ɗaya kike ɗaure su, cikin tsohuwar atamfa, da ƙulli irin naki wanda sai an sa haƙori. Kikan ce masu nisanki biyu ne, ɗaya yana wa'azi, ɗaya tana sayar da ƙwaya. Na bana ya iso mini mako guda kafin rasuwarki. Na lura ya fi na kullum nauyi, na kuma lura ƙullin bai yi tauri ba, da yatsa na kwance shi. Ban kawo komai a raina ba.

Yanzu na zo inda alƙalami yake yi mini nauyi.

Da labari ya bazu, mata suka cika mana gida a unguwar Sultana: matan likitoci da malaman jami'a 'yan uwanmu na Najeriya, da maƙwabtanmu 'yan ƙasa waɗanda kakanninsu suka zo Hajji suka zauna. Babbar cikinsu ita ce Khala Murja, wadda ƙofarta ke kallon tamu. Tsohuwa ce mai kirki, Hausarta rabi Larabci. Ita ta shiga madafina ta ga ƙunshinki, ta yi mana miyar kuka ta ciyar da masu gaisuwa. Kowa ya ci ya yaba. Aka tambayi sunanki na ce Hannatu, suna ne da kowane gida yake sawa, ba wanda ya yi tunanin komai. Aka ɗaga hannu aka yi ta addu'a, ni ma na ɗaga.

Sai Khala Murja ta dafa gwiwata ta ce, "Ya binti, 'yata, marigayiyar ta samu yin Hajji?"

Na ce, "Allah bai nufa ba."

Ban yi ƙarya ba, Inna, amma abin da na yi ya fi ƙarya muni, domin na zaɓi kalmomin ne don su rufe ki. Tsoro na ji, ba na hukuma ba, ba na rasa aiki ba. Kallo kawai na ji tsoro, kada matan nan su dubi juna, kada gobe a ce ashe Raliya rainon coci ce. Matar da ta yi ta shelar addinina a gaban fastonta, ni na kasa faɗin nata a falona.

Khala Murja kuwa hawaye ta share, ta ce, "Khalas, shi ke nan, ɗana Sa'id zai yi mata Umra. Ranar Juma'a zai ɗauki harami da sunanta." Mata suka yi ta sa mata albarka. Na sunkuyar da kai kamar mai godiya. Da baƙi suka watse Abdulwahab ya dube ni ya ce, "Kin san ba za a bar yaron nan ya tafi a haka ba." Na ce na sani. Laraba ta wuce ban ƙwanƙwasa ƙofar ba. Sau biyu na fita da niyya, na tsaya a gaban takalman da ke bakin ƙofarta, na dawo. Kullum Juma'a tana matsowa, ga bawan Allah yana shirin ɗaukar wahalar hanya a kan shiruna, ga ki ke kuma za a kai ki inda ba ki ce a kai ki ba, da sunan addinin da ba naki ba.

Ranar Alhamis da hantsi Mimi ta sake kira bayan an sa ki a ƙasa. Ta ba ni labarin jana'iza, yadda matan Zumunta suka zo da anko, yadda jikokin Malam Adam suka taya haƙa kabari. Sannan ta ce, "Yaya, kayan miyan sun iso kuwa?" Na ce sun iso, har mun ci. Ta ce, "Kin san bana ɗaya ta iya yi?"

Ban sani ba. Ashe tun kaka hannunki na dama ya daina riƙe taɓarya. Mimi ta ce za ta daka miki, kika ƙi, kika ce wanda aka yi wa alkawari hannunki ya sani. Kina zaune kike dakawa kaɗan-kaɗan da hagu, har abin da ya taru ya isa ƙunshi guda da ɗan ƙari. Ranar da mata suka kawo nasu gaban majami'a, aka kira gidan Sulaiman, karon farko tun da aka fara wannan al'ada wurinki ya zauna wayam. Kika miƙe da sanda kika ba ikilisiya haƙuri, ba ki ɓoye dalili ba. Kika ce, "Sulaiman yana da ku duka. 'Yata ta Madina ni kaɗai gare ta." Mimi ta ce kin koma gida kin yi kuka, domin matar Sulaiman tana jego kuma kin yi mata alkawarin yaji.

Wato miyar da na ciyar da masu gaisuwa, ina ɓoye ko ke wace ce, rabon masu bishararki ce. Kin karya alkawarin da ba ki taɓa karyawa ba, a gaban mutanenki, saboda ni, kuma kin kira sunana. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba na fatan ta sake ni da wuri.

Ko mayafi ban gyara ba na tsallaka. Khala Murja tana tsince shinkafa, farin haramin Sa'id yana ninke a kan kujera. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga tulun har zuwa ƙunshin. Da ta yi magana ba ta sassauta mini ba.

Ta ce, "Umra dai ba za ta yiwu ba, ke ma kin sani. Amma lesh, don me kika bar ni ina ta zuba a gaban mutane?"

Na ce, "Kunya na ji, Khala."

Ta ce, "Ita ta taɓa jin kunyarki?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Na ci miyarta, hannunta mai kyau ne. Saura nawa a ƙunshin?" Na ce fiye da rabi. Ta ce, "To ba naki ba ne." Ta tashi ta ɗauke haramin ta mayar cikin durowa.

Alhaji Maikuɗi zai koma gida da mutanensa a ƙarshen wannan mako. Na ɗaure abin da ya rage a cikin atamfarki, yajin duka yana ciki, ban taɓa shi ba. Ban ƙara ko ƙwayar dabino ba, domin na tuna yadda kika riƙe wuyan hannuna. Ni Musulma ce, a kan haka kika raine ni, a kan haka nake fatan cikawa, kuma aikin bishara ba aikina ba ne. Wannan ba baikona ba ne. Naki ne, ya yi ɓatan hanya ya biyo ta wurina, ina mayar da shi inda kika yi alkawari. Na gwada ƙullinki sau da yawa, bai fito kamar naki ba.

Irin wannan rubutu da addu'a ake rufe shi. Malamaina sun koya mini iyakar abin da zan roƙa, ke ma da kina nan ba za ki so in tsallake ta don in faranta miki ba. Don haka na bar ki a hannun Wanda Ya halicce ki, Mai rahamar da ba ni ke rabonta ba, Wanda ba Ya zaluntar kowa, Wanda Ya ga kowane dintsi da ya faɗa cikin tulun nan da kowace asuba da kika tashe ni. Ni kuma Ya yafe mini shiruna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mimi da 'yan uwanta, ga dangin mahaifiyata baki ɗaya, ga matan Zumunta da suka rasa abokiyar daka, da Mai Bishara Sulaiman da maijegonsa, waɗanda ban taɓa gani ba amma na ci rabonsu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya raya abin da ta bari, Ya sa zumuncin da ta riƙe kada ya tsinke a hannunmu.

Mimi, in ƙunshin ya iso, kada ki aika kowa. Ki ɗauka a ka ki kai gaban majami'a ranar Lahadi, ki ajiye a wurin Mama. In an tambaya daga ina, ki faɗa da ƙarfi yadda take faɗa: daga 'yarta Raliya ne, Musulmar nan ta Madina.